Na ce wa shugabana "I refuse", yanzu takardar gargaɗi ce a hannuna

Malam, barka da aiki. Ni ƴar Maradi ce. Karatuna duka da Faransanci na yi shi, Ingilishi kuwa ɗan abin da na samu a lakkol ne da wanda nake tsinta a waya. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji mai kula da yara masu tamowa, ni ke riƙe da lissafin mangaza, wani lokaci kuma ina bin masu rabo zuwa ƙauyuka. Sabon shugabanmu mutumin gabashin Afirka ne, Faransancinsa bai nuna ba, sai taronmu ya koma da Ingilishi. Rannan ya ce an mayar da rabon wani ƙauye ranar da kasuwarsu ke ci. Na san mata ba za su zo ba. Na ɗaga hannu na ce: "I refuse this programme. I ignore why you changed it. I demand an explanation." Ɗakin ya yi tsit. Bayan kwana biyu aka miƙo mini takarda mai ɗauke da "defiance" da "insubordination", an ce in ba da amsa a rubuce. Niyyata in rubuta cewa e, ina da defiance a kan tsarin, amma ba a kansa ba. Ga kuma wata sabuwa: wani na gaba da ni ya kawo takardar ƙidayar kaya in sa hannu, ita ta ce katan 400, ni kuwa 388 na ƙirga. Innata ta ce in sa hannu in yi shiru, aiki ya yi wuya. Yaya ake cewa "ban yarda ba" da Ingilishi ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Ko in ajiye aikin in huta?

Ƙanwata, ajiye alƙalamin nan tukuna, kada ki aika wannan amsar.

Kalmar da kike shirin amsawa ba ita ce wadda kika sani ba. A Faransanci défiance rashin sakin jiki ne da abu, wato ɗar-ɗar da zargi. A Ingilishi defiance, ƴar alamar kan e kaɗai aka cire, amma ma'anarta bijire wa na gaba a fili, ido cikin ido, kina sane da ikonsa. Ita kuwa insubordination ɗaya take a harsunan biyu, ƙin bin umarnin shugaba, kuma tana cikin laifuffukan da ake sallamar ma'aikaci a kansu. In kika rubuta cewa kina da defiance, kin amsa tuhumar da hannunki ke nan, kuma takardar za ta zauna a fayil ɗinki.

Na san abin da ke cikin kanki ranar taron. "Je refuse ce programme, j'ignore pourquoi vous l'avez changé, je demande une explication." Ta farkon, ki yarda da ni, ko a Faransancin ma ba ta da laushi, kuma da zafin rai kika faɗe ta. Amma biyun ƙarshe ba su da laifi a can. Ignorer rashin sani ne, demander kuma tambaya ce ko roƙo. Da suka tsallaka Ingilishi sai suka rikiɗe. Ignore shi ne ka ga abu ka yi kunnen uwar shegu da shi da gangan. Demand shi ne neman abu da gadara, irin na wanda ke ganin dole a ba shi. Abin da ya shiga kunnen mutumin nan, baƙo, sabo a kujera, a gaban ma'aikatansa, shi ne: na ƙi tsarinka, ba ruwana da dalilinka, kuma dole ka yi mini bayani. Ko ke ce a kujerar, sai kin ji zafi.

Wannan tarko tsoho ne. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ɗaruruwan shekaru, dubban kalmomi suka shiga Ingilishi, daga baya kowane harshe ya ja ma'anar nasa gefe. Shi ya sa mu da muka yi lakkol da Faransanci muke karanta takardar Ingilishi mu gane rabinta ba tare da ƙamus ba, shi ya sa kuma muke faɗawa ramin da ɗan Katsina ko ɗan Jibiya ba ya faɗawa. Ki kula da wasu da ke jiranki a gaba. In kika ce wa mutum "you pretend that", kina nufin ya yi iƙirari, shi ya ji kin ce yana shirga ƙarya da yaudara. In kika ce "I am deceived" kina nufin ranki bai yi daɗi ba, kin ce an cuce ki da wayo. Abin da kike nema shi ne disappointed. Actually ba "a halin yanzu" ba ce, kalma ce da ake fara gyara wa mutum magana da ita. Su ma ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka suna da nasu: "it's a lie" da suke faɗa don mamaki, da "I no gree" na Burokan, a kasuwar Kano ba komai ba ne, a ofis kuwa ki bar su inda kika same su. Tunda kundin da aka fitar a 2025 ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki a ƙasar nan ta Nijar, ina jin irin wasiƙarki yanzu na fara ganinta.

Maganin da nake ba kowa shi ne ya daina bi ta Faransanci. Ki fara da Hausa. Da shugaban nan Bahaushe ne, ai ba za ki miƙe a taro ki ce masa "na ƙi" ba. Cewa za ki yi, "Ranka shi daɗe, anya ranar ba ta ci karo da kasuwarsu ba?" Kin ja da shi, kowa ya gane kin ja da shi, kuma girmansa bai zube ba. Tun kina ƙarama kin san bambancin "anya kuwa" da "da sauran magana" da "ban yarda ba" da "ba zan yi ba" da "a yi wadda za a yi". Ingilishi ma haka yake, kowace kalma da nauyinta. Abin da kika yi ranar nan shi ne kin zaro takardar jika goma don sayen goron dala biyar. Ƙananan kuɗin ne ba ki da su, kuma su ake kashewa kullum a wurin aiki.

Waɗanda suka fi yi miki amfani ba su ma yi kama da musu ba. "I have a concern about the date", wato akwai abin da ke damuna game da ranar. "I'm not sure that will work, because", sannan ki kawo dalili. Kada "not sure" ta ruɗe ki. Ba cewa kike yi kina shakka ba, ita ce "anya" ɗinsu, mai ji ya san kin tabbata. "Could we look at another day?" tambaya ce da ke ɗauke da shawara a cikinta. "I see it differently" na nufin ni ba haka na gani ba. Akwai kuma "I'm afraid", wadda ba tsoro ba ce a nan, share fage ne kafin magana marar daɗi. Ki lura duka suna magana ne kan rana, kan tsari, kan abin da kika gani. Babu wadda ta nuna mutumin da yatsa. Da zarar kin ce "you are wrong", magana ta tashi daga kasuwar ƙauye ta koma kan mutuncinsa, shi kuma mutuncin zai kare, ko da ya san gaskiyarki.

"I disagree" da "I don't agree" su ne "ban yarda ba" tsantsa. Ba zagi ba ne, ana faɗarsu a taro ba wanda ya ɗaga gira, muddin dalili ya biyo baya nan take. Sai dai kada ki ce "I am not agree". Wannan ɗan "je ne suis pas d'accord" ne da ya sa rigar Ingilishi, kuma shi ne kuskuren da na fi ji a bakin ƴan makarantarmu. Biyu kuma da littattafan koyo ke so, ni ba na ba da shawararsu. "With all due respect" a rubuce ladabi ce, amma masu harshen da sun ji ta sai su gyara zama, don sun san duka ne ke tafe. "I beg to differ" kuma ta tsufa, a bakin matashiya tana iya fita kamar gatse.

Daga nan nauyi ya fara ƙaruwa. Object, wadda ke tafiya da kalmar Ingilishi "to", ƙin amincewa ne a hukumance. Ita lauyoyi ke faɗa a kotu. Oppose ta wuce ra'ayi, tana nufin kin tsaya a ɗaya ɓangaren kina aikin hana abin faruwa. Daga cikinta aka samu opposition, ƴan adawa. A Birtaniya sunan babbar jam'iyyar adawa a majalisa yana ɗauke da kalmar loyal, mai biyayya, kuma tun 1937 ake biyan jagoranta albashi daga baitulmali. Na kawo wannan ne don ki ga cewa a al'adar harshen ja da mai mulki da yi masa tawaye abubuwa biyu ne daban, kowanne da kalmarsa. Dissent ma haka. A Kotun Ƙolin Amurka mai alƙalai 9, wanda bai bi ra'ayin masu rinjaye ba yakan rubuta nasa dalilan ya rufe da "I respectfully dissent", hukunci ya tsaya, ra'ayinsa kuma ya shiga tarihi. Ke ba alƙaliya ba ce, amma kina da irin wannan ƙofar a ofis: "I would like my concern noted in the minutes", a rubuta damuwata cikin bayanin taro. Kin bi umarni, kuma ranar da mata suka ƙi fitowa, takarda za ta yi magana a madadinki ba sai kin ce "ai na faɗa" ba.

Huɗun da ake yawan cakuɗawa su ne decline, refuse, reject da deny. Decline ƙi ne cikin ladabi, na gayyata ko kyauta ko tayi. Refuse ƙin aikata abin da aka ce ki yi ne, ƙememe. Reject na mai ikon karɓa ko mayarwa ne, kamar ke a mangaza idan aka kawo katan da ruwa ya taɓa. Ba ki da hurumin yi wa tsarin shugabanki reject. Deny kuwa musanta zargi ne, ba ƙin aiki ba. Sannan ki riƙe tazarar da ke tsakanin "I can't" da "I won't". Ta farko ta ce akwai abin da ya hana ni, ta biyu ta ce ban ga dama ba.

Can sama kuma akwai defy, resist, rebel, mutiny na sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa, da boycott, ƙauracewa, wadda sunan mutum ce: Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda a 1880 jama'a suka daina yi masa aiki da sayar masa da kaya. In ana ba da labarin Rosa Parks, baƙar fata ƴar Amurka wadda ranar 1 ga Disamba 1955 ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a motar bas a Montgomery, refuse ake cewa, abin da ya biyo baya kuma boycott na kwana 381. In za a ba da labarin garinku da Ingilishi, yadda sarakunan Katsina bayan faɗuwar birninsu a farkon ƙarni na 19 suka ƙi miƙa wuya, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maradi, to resist da defy za a ɗauko. Ƴar Maradi ba sai an koya mata tsayuwa ba. Ranar rabon ƙauye ce dai ba ta kai wannan matsayi ba.

Yanzu ga amsar takardar. Kafin ki rubuta komai, nemi ganinsa shi kaɗai, minti goma sun isa. Ki rubuta masa kalmomin uku da ma'anarsu ta Faransanci a ƴar takarda ki nuna masa. Sannan ki miƙa amsa gajera, mai kama da wannan: "I apologise for my wording. I translated from French and used words that are much stronger in English. I meant that I did not know the reason for the change and wished to ask about it. I did not intend to challenge your authority. My concern is that the new date is the village market day, when most mothers will be away. I will follow the schedule you decide." Kin ba da haƙuri kan lafazi, kin bayyana nufinki, kin maimaita damuwarki, kin ce za ki bi abin da ya yanke. Ra'ayinki yana nan ba ki janye ba, kuma kada ki janye shi, don gaskiya ne. Ki haɗa da kwafi na Faransanci, saboda duk wanda zai buɗe fayil ɗin nan gaba ya ga nufinki da harshen da kika ƙware a kai.

Shi ma ba zan wanke shi tas ba. Wanda ya zo shugabanci a ƙasar da ma'aikata suka yi karatu da Faransanci, ya kuma mayar da taro Ingilishi don sauƙin kansa, kamata ya yi ya kira ki ya tambaye ki me kike nufi kafin ya kai ga takarda. Amma wannan ba ke za ki faɗa masa ba, kuma ba yanzu ba.

Maganar katan ita ce ta fi tsaya mini a rai, don a nan ba nahawu ake yi ba. Katan ɗaya na abincin tamowa yana ɗauke da ƙunshi 150, kusan abin da yaro guda ke bukata daga fara magani har sallama. Katan 12 ƙunshi 1,800 ke nan, maganin yara kusan goma sha biyu. Kuma sa hannu a takardar ƙidaya shaida ce cewa ke kin gani da idonki. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ba za su nemi wanda ya kawo miki takardar ba, sunan da ke ƙasa za su karanta. Kada ki sa hannu a kan 400.

Haka kuma kada ki kira kowa ɓarawo, ko da Hausa ko da Ingilishi. Ba ki san inda katan ɗin suka shiga ba. Wataƙila an fitar da su wani ƙauye ba a rubuta ba, wataƙila an ware lalatattu, wataƙila ke kika tsallake layi a ƙirga. Ki nemi a sake ƙirgawa ke da shi da mutum na uku, a ɗauko takardun fitar da kaya a gwada. Kalmar da masu lissafi ke amfani da ita ita ce discrepancy, wato saɓani tsakanin takarda da abin da ke ƙasa, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi. "There is a discrepancy. I counted 388. I can't sign for 400, but I can sign for what I counted." Wannan ta wadatar, ki faɗe ta da murya ƙasa-ƙasa. In ya ce ki sa hannu za a gyara daga baya, ki ce a gyara tukuna. In ya matsa, ko ya tuna miki da takardar gargaɗin da ke kanki, to nan ne wurin kalmar da kika ɓarnatar a taro: "I refuse to sign a figure I did not count." Ki rubuta ta a imel, ki sa kwanan wata, ki aika wa shugaban kwafi, ki ajiye takardar ƙirgarki. Ƙin sa hannu kan lissafin da ba daidai ba ba insubordination ba ne, kuma shugaban da ya san aikinsa zai fi son ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin masu bincike. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai wakilin ma'aikata, yawancin manyan ƙungiyoyin agaji suna da hanyar kai ƙorafi a asirce, akwai kuma ofishin sufeton aiki da dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ikon shiga tsakanin ma'aikaci da mai aiki.

Kada ki haɗa maganganun biyu a takarda ɗaya ko a zama ɗaya. In kika cusa katan cikin amsar gargaɗi, sai a ce ramuwa kike yi. Ki fara kashe ta farko, cikin kwana ɗaya ko biyu, ta biyun kuma hannunki na aljihu har a sake ƙirga.

Inna ba ta yi ƙarya ba, aiki ya yi wuya, kuma tsoron da take ji na uwa ne. Kada ki yi mata lacca kan gaskiya da amana, ta riga ki saninsu. Ki ce mata kawai, "Inna, in na sa hannu, ni za a bi bashin katan goma sha biyu, kuma da sunan sata za a kore ni." Za ki ga ita da kanta ta ce kada ki kuskura.

Ajiye aiki kuwa, a'a. Wanda ya tafi da takardar gargaɗi a fayil da giɓin kaya a mangazarsa ya bar wa mutane labarin da za su ƙarasa yadda suka ga dama, kuma Maradi ba ta da faɗin da labari zai ɓace. Ki roƙi a riƙa ba ku ajandar taro tun jajibiri, ki zaɓi abu ɗaya da za ki yi magana a kai, ki shirya jimlarki da Hausa, ki juya ta Ingilishi, ki faɗe ta da ƙarfi a ɗaki har bakinki ya saba. A taro na gaba kada ki yi gum, don shiru bayan gargaɗi fushi ake ɗaukarsa. Ki yi tambaya ɗaya ko ki kawo concern ɗaya tare da dalilinsa, in an yanke akasin ra'ayinki ki ce a rubuta a bayanin taro.